Baba Tozo Ya Tafi, Dokarsa Tana Nan

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Makanikai da Masu Gyaran Inji ta sami labarin rasuwar uban ƙungiya, malaminmu, Injiniya Alhaji Baba Tozo, wanda ya cika a gidansa bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya bar koyarwa a babbar makaranta ya dawo cikinmu, ya kafa teburinsa a ƙuryar gareji tsakanin tulin tayoyi da durom ɗin baƙin mai. A nan yake lissafa yadda matsin iska ya kamata ya kasance a cikin silinda: ya hau in fistan ya taso, ya kai ƙololuwa in filogi ya ba da wuta, sannan ya gangaro. Zanen da kwamfutarsa ke fitarwa kamar tozon bijimi yake, shi ya sa sunan ya bi shi. Sai ya ɗora abin da geji, ma'aunin matsin iska, ya auna a injin mota a kan zanen. In tozon ya kwanta, ya san ringi ne ko bawul ya lalace, tun ba a taɓa noti ɗaya ba.

Daga nan ƙungiya ta kafa dokar da ta hana kwance injin kowa sai an duba tozo. Masu motoci da yawa da aka ce musu inji ya mutu sun koma gida da sabon filogi kawai.

Ba mu manta da 'yan uwanmu masu saurin ɗaukar sifana su kwance inji ba, waɗanda suka riga kowa zuwa gaisuwa, suka fi iyalan kuka, sannan suka koma gefe suna raɗa cewa dokar ma a yi mata sutura tare da shi. To, mun ji, kunnenmu ƙalau. Mutum ɗaya muka binne. Babbar 'yarsa, wadda ya horar da hannunsa, ta karɓi geji da kwamfuta, kuma tebur yana inda yake. Mai son kwance inji gobe ya bi layi a gabanta.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba maiɗakinsa Hajiya da yara da jikoki juriyar wannan babban rashi. Masu raɗa kuma, Allah Ya ba su haƙuri, don su ne za su fi buƙatarsa.

Sa hannu:
Alhaji Baƙin Mai
Kakakin Ƙungiya