Littafi na Uku a Teburin Ƙosai

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zaman birnin Kwatano? Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau, in ban da ƙafata.

Littafi na uku na yaran nan masu koyon sihiri ya iso. Wata huɗu na yi ina jiransa, tun da na biyu ya ƙare da yarinyar a cikin rijiya, sandarta a karye. Ji nake kamar ƙanwata ce na bari a can.

Na ajiye shi sai na gama daka. Ashe Hadiza, ƙanwar maigidana mai tuya a tasha, ta ɗauka, wai tsoffin takardun yara ne. Da na je sayen ƙosai, sai ta miƙo mini shi a naɗe cikin shafin littafina.

Ban san sa'ad da na shaƙe ta ba. Ta kwaɗa mini cokalin tuya, na fasa mata leɓe, tana ihu, "Matar yaya, a kan takarda za ki kashe ni?" Kasko ya kife, tafasasshen mai ya zubo mini a ƙafa, sauran littafin ya faɗa wuta.

Na ba ta haƙuri a gaban surukata Inna. Na bi masu kabu-kabun da suka sayi ƙosanta ina ɗingishi, na karɓo shafi shida. Ko ɗaya babu sunan yarinyar.

Ki sa ni a addu'a, ki gai da su Baraka. Don Allah ki koma kantin da kika sayo mini shi, ki buɗe shafin farko kawai, ki gaya mini: ta fito daga rijiyar?

Ƙanwarki,
Saratu