Igiya Ɗaya, Wuya Biyu

Zongo, Lome.

Zuwa ga 'yata Hussainatu,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da zafin Yamai. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar nan. Direban da ke ɗaukar kaya daga bakin ruwa zai kawo miki wannan, don ni wayarku ba na jin abin da ake faɗa a ciki.

Yayanki Zulkiflu ya zo daga unguwar Totsi da ɗan kwikwiyo a kwali, wai sunansa Biju, har da katin likita. Wai karenmu Ƙyale-su ya tsufa, ba ya jin motsin ɓarawo, an kwashe mana raguna biyu yana barci. Wai akwai masu sayen karnuka su kai arewa, zai kira su. Na ce sai dai su haɗa da ni. Karen da marigayiya innarki ta yi ta zuba wa ƙanzo, wanda bai taɓa tsallake bakin zaure ba, bai taɓa sa baki a butar alwala ba! Shi kuwa baƙon, ran farko ya lashe mini buta.

Mun tsaya a kan in sabon ya koyi gadi kafin layya, tsohon ya zauna. Ki yi wa Zulkiflu magana.

Mahaifinki,
Idrisu Mai Shanu

'Yata Hussainatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin ƙaraminku?

Na yi dabarar da muka gada. Lokacin da muke koro shanu a ƙafa daga Dapaong, ɗan maraƙi mai taurin kai da tsohon sa ake ɗaure shi, ya bi shi har ya san hanya. Yaran yanzu a mota suka san saniya. Na haɗa karnukan biyu igiya ɗaya. Zulkiflu ya ce kare ba sa ba ne, na ce yaushe aka haife shi.

Sai dai ƙaramin ne ke jan babban. Ya ga kaza ya zabura, ya ji babur ya zabura, Ƙyale-su na binsa yana tari. Wuyan tsohon ya ɗan saɓule, na shafa man kaɗe. Bai ci tuwo ba jiya. Duk koyo da wuya yake farawa.

Mahaifinki,
Idrisu

Hussainatu,

Ina gaishe ki. Kada ki wahalar da kanki da kiran yayanki.

Ranar Talata da hantsi Ƙyale-su ya kwanta gindin garken raguna bai tashi ba. Ƙaramin ya yi ta ja, ya gaji, ya zauna yana kuka. Ni na haƙa ramin, ban bar kowa ya taɓa ba. Zulkiflu ya zo ya tsaya yana kallona. Da ya yi faɗa ya fi mini sauƙi.

Shekaru ne. Kowa ya san shekaru ne.

Kwikwiyon bai iya komai ba tukuna, layya kuma ta matso. Babu wani tsoho a gidan sai ni, shi ya sa na ɗaura ɗaya bakin igiyar a ƙafar kujerata. Yana ja ƙwarai. Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki,
Idrisu