An Ce In Ɗaga Murya

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan taki?

Kin yi ta kira ban ɗauka ba, ki yi haƙuri, ba fushi nake ba. Wata huɗu ke nan da aka yi mini aikin maƙogwaro. An cire ƙarin da ya fito mini a wurin, amma muryar ba ta dawo ba. In na buɗe baki iska ce kawai ke fita. Likita ya ce jijiyar ta taɓu, kada in sa rai sosai.

Yaya, shekara goma sha tara ina jan waƙa a coci. Yanzu an ba matar mai kemis wurina, wadda ni na koya mata inda ake jan numfashi. Ina bencin baya ina jin tana gaggawar baiti na biyu, ba bakin gyara mata. Lokacin ba da shaida ya fi ci mini rai. Wannan ta sami mota, wancan ya tare a sabon gida, kowa albarka. Ni kuwa ba wanda ya san ko barka zai yi mini ko jaje.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonki, na gode da addu'a.

Wani baƙon mai wa'azi ya zo wata ranar Lahadi, mata suka tura ni gaba. Ya dafa kaina, ya kafa mini makirufo a baki, ya ce in ɗaga murya in ce halleluya. Na yi iya ƙoƙarina har jijiyoyin wuyana suka miƙe. Abin da ya fito ta lasifika huci ne, kamar tayar da ta sace. Har sau uku. Sai ya juya ga jama'a ya ce Allah ba ya hana 'ya'yansa albarka, sai in akwai zunubin da aka ɓoye.

Baban yara ya taso ya kama hannuna ya fitar da ni. Kin san shi da sanyin hali, amma ranar ni na rirriƙe shi kada ya koma ciki. Sati uku ban taka coci ba. In na durƙusa addu'a, tambaya ɗaya ke zuwa mini: me na yi?

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya yara da makaranta?

Dattijon fastonmu ya zo gida yana dogara sanda. Ya nemi gafarata don ya bari aka yi mini haka a gabansa. Sannan ya roƙe ni in je wurin wata malamar firamare da mijinta ya rasu, wadda ta rufe ƙofa ga masu ta'aziyya, ba ta ko cin abinci. Na rubuta masa a takarda: me zan ce mata? Ya ce, "Masu cewa sun ishe ta. Albarkar da kike da ita cikin Almasihu, wuƙar likita ba ta kai wurin ba."

Da haushi na tafi, ba zan ɓoye miki ba. Na wanke mata kwanuka, na taje mata kai, na zauna. Haka na yi ta zuwa. Rana ta uku ta kifa kai a cinyata ta yi kuka har rigata ta jiƙe, sannan ta ci abinci. Ta ce ni kaɗai na bar ta ta gama kukanta.

Kada ki ɗauka na huce. Har yanzu ina son muryata, kullum ina gaya wa Ubangiji haka ba kunya, kuma bai amsa ba. Amma jiya malamar ta ce in raka ta kabarin mijinta, tun ranar jana'iza ta kasa zuwa. Gobe da safe za mu tafi.

Ki sa mu a addu'a, mu biyu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta