Bebiyar Mota

Al Gharrafa, Doha
Saura kwana biyu a kama azumi

Zuwa ga Zalihatu, uwar Nasiratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya gwiwar taki? Yaya Nasiratu da mijinta da yaran, da duk mutanen Zongo? Allah ya sa lafiya, amin.

Yau shekara biyu da 'yan kwanaki tun da aka rufe masallatan Doha saboda korona, ranar da ladan ya kira salla, ya ce kowa ya yi a gidansa. A waccan shekarar na ce miki zan ajiye makullin mota in dawo Kumasi, ga shi har yau ban dawo ba. Saƙonki ya iso, wanda kika ce ko Balarabiya na aura a ɓoye. Da wane haƙorin? Sabo mai gadi ne ke rubuta min wannan, tunda kin san ni da biro ba ma ga maciji. Bakano ne, kuma tun shekaranjiya da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar kofin duniya yake kumbure-kumbure. In kin ga rubutun ya karkace, baƙin ciki ne.

Ga dalilin da ban taɓa faɗa miki ba. Ranar da na kai Maigida, ubangidana, asibiti a tsohuwar jif ɗinsa, numfashi na yi masa wuya, ya kama kafaɗata daga baya ya ce in asibiti ne, in kabari ne, in kawo masa matarsa sau ɗaya. Na ce to. Asibiti ba a bar kowa ya shiga ba. Ranar da aka binne shi a maƙabartar Mesaimeer ɗansa Abdul-Aziz na maƙale a Landan, babu jirgi. Ni na tsaya daga nesa da takunkumi a fuska, na ƙirga layuka da idona. Ita kuwa Mama, matarsa, tun ranar ba ta sake shiga mota ba. Likita gida yake zuwa. Bikin jikarta ba ta je ba. Sau uku ina jawo jif ɗin bakin ƙofarta, sau uku tana turo ƙyaure. Ban iya faɗa mata saƙon ba, kuma ban iya tafiya da shi a wuyana ba.

To ga labarin jiya. Abdul-Aziz zai sayi motar gudu, irin mai aiki da lantarki. Dokar mahaifinsa ce ba a shigo da mota gidan nan sai Issifu ya sa mata kunne, kuma yaron ya riƙe dokar, Allah ya yi masa albarka. Kin san ni, tun ina Magazin, unguwar makanikan Kumasi, ina wanke fulogi, mota ta yi tari sau ɗaya na san ciwonta. Na ce masa motar da ba ta shan mai ba mota ba ce, fanka ce. Ya yi dariya ya ce yalla, wato mu je, Baba Issifu.

Zalihatu, ban taɓa ganin ƙarfe mai kyau haka ba. A kwance take kamar kada a bakin ruwa, da kyar ta kai min ƙugu. Mai sayarwa, wani ɗan Labanan mai man gashi, na ce ya buɗe min bonet. Ya buɗe, sai ga rami na ajiye jaka! Babu lagireto, babu bel, ko ɗigon baƙin mai. Na shiga na zauna, na ce ya tayar da ita. Ya ce ai tun ɗazu a tashe take. Sabo yana dariya yanzu, ki bar shi.

Muka ɗauki hanyar Dukhan. Da muka sami fili Abdul-Aziz ya ce in riƙe hulata. Na ce hular da ta sha hanyar Bawku shekara ashirin a kan gingimari ba ta buƙatar riƙo. Ya taka totur. Wallahi hular a kujerar baya muka tsince ta, cikina kuma sai da muka yi nisa ya iso mu. Babu ƙara, babu canjin giya, kamar an ɗaura mu a gwafar danko an saki. Sannan ya ba ni sitiyari. Na yi mata gwajin da nake yi wa motocin Maigida saboda ciwon bayansa: na ɗora kofin shayin karak cike a tsakiya, na shiga shataletale, na zagaya sau biyu. Ko ɗigo. Kuma in ka rage gudu tana mayar da wuta cikin batir, kamar mace mai tattali da ke juye sauran mai a kwalba. Na tuna ki.

Aibinta ɗaya: bebiya ce. Da muka zauna zaɓen kayan da za a ƙera ta da su, ɗan Labanan ya ce akwai na'urar da ke sa ta ruri ciki da waje kamar mai inji. Ya kunna mana. Na buga tebur na ce ita za a fara rubutawa, don mota sai da murya. Aka rubuta.

Ki gaida kowa. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Mijinki,
Issifu direba

Al Gharrafa
Azumi goma sha ɗaya

Uwar Nasiratu,

Sallama da gaisuwa, da barka da shan ruwa. Yaya ibada, yaya jikin? Na ji an ce Nasiratu ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi kuskure, kuma ke kaɗai zan faɗa wa da bakina, sai Sabo da babu yadda na iya da shi.

Tun rasuwar Maigida ban bar jif ɗinsa ta kwana ba ta yi ɗumi ba. Kullum ƙarfe shida nake tayar da ita minti goma, in taka mata totur sau uku, yadda yake so. A ganina amana nake riƙewa. Inda take fake kuwa daidai ƙarƙashin tagar Mama ne.

Ranar Talata Rukayatu, mutuniyar Tamale da ke yi wa Mama girki, ta kawo mana kayan buɗa-baki ta tarar ina ba Sabo labarin na'urar ruri. Ta dire tire, ta kama ƙugu, ta ce ni tsoho ne mai kunne a bonet, ina jin tarin ƙarfe ba na jin kukan mutum. Ta ce kullum in na tayar da jif ɗin nan Mama na shigewa ɗakin ciki ta danna matashi a kunne har in kashe. Wai ranar da muka tafi asibiti an hana ta matsowa kusa da shi, ba su yi sallama ba. Abin ƙarshe da ta ji na mijinta ba muryarsa ba ce, kukan injin nan ne yana fita ƙofa. Tun daga ranar, duk inji da ya tashi kusa da ita, ranar ce ke dawo mata. Na ce me ya hana a faɗa min? Ta ce Mama ce ta hana, wai a bar Issifu, shi ma da nasa makokin.

Zalihatu, dabinon da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba. Kusan shekara biyu ina yi wa baiwar Allah fami kullum safiya, kuma da motar nan na je ɗaukarta har sau uku.

Washegari ni da Sabo muka tura jif ɗin da hannu, muna azumi, har ƙarshen layi, sannan na tayar da ita na kai ta garejin Fatawu a Mu'aither. Daga nan na wuce majalisa wurin Abdul-Aziz na ce a sake takardar mota tun ba ta tafi ba. Na jero masa da ka: a cire na'urar ruri. A ɗauki mai ƙofa huɗu. A sa abin da ke ɗaga motar sama, don gwiwar tsohuwa ba ta sauka rami. A cire rufin gilashi, ranar ƙasar nan ba abar kallo ba ce. Kujeru masu haske, gilashin baya mai duhu, tayoyi masu kauri ba siraran nan na gayu ba. Ya ce Baba Issifu, motar tsere nake so, ka mayar min da ita motar asibiti. Sai na faɗa masa komai, har saƙon mahaifinsa.  Da na gama sai ya ɗauki makulli, muka koma wurin mai sayar da motar.

Ɗan Labanan ya so ya yi gardama, wai na'urar tana da maɓalli, ana kashewa. Na ce abin da ake kashewa wata rana za a manta shi a kunne. Ya ce jiya-jiya ni na buga masa tebur a kanta. Na ce yau ma ga tebur ɗin, na sake bugawa. Abdul-Aziz ya ce khalas, magana ta ƙare, a cire. Ƙarfinta da manyan birkinta ban taɓa ba, don ba a yi wa doki dabaibayi don za a ɗora masa tsohuwa. Launi kawai aka kayar da ni: na so fara, ya ce ja, ja kuma aka rubuta. Sun ce sai ta yi wata bakwai kafin ta iso.

Ki ƙara haƙuri, ki sa mu a addu'ar goman ƙarshe.

Naki,
Issifu

Al Gharrafa
Washegarin da Ghana ta ci Koriya

Zalihatu, uwar Nasiratu, abokiyar tafiya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina gida, ina jikoki? Na san jiya Zongo ba a ji kiran juna ba. Nan ma garin ya cika maƙil, kowace ƙabila da tutarta. Na rataya wa Sabo tamu a ɗakin gadi, ya ce ciwon ido take sa shi, amma da aka ci ƙwallo ta uku shi ya fi kowa tsalle.

Motar ta iso mako uku da suka wuce. Ja kamar barkono, kuma na yarda, jan ya yi mata kyau, kada dai ki faɗa wa kowa. An kafa mata akwatin caji a bango, tana kwana tana shan wuta kamar waya. In tana tafiya a hankali wani ɗan guna take yi, bai kai na firij ba.

Ban ce wa Mama komai ba. Kullum bayan la'asar nakan jawo motar gaban tagarta in goge, in mayar, in sake jawowa. Rana ta tara ta aiko Rukayatu ta tambaya, wai su wa ke wahalar da tsoho da turin mota, ta lalace ne tun tana sabuwa? Na ce a gaya mata lafiyarta ƙalau, haka Allah ya yi ta, ba ta magana.

Shekaranjiya sai ga ta a bakin ƙofa da sandarta. Ta zagaya motar, ta ɗora tafin hannu a bonet ta daɗe, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Na danna abin ɗagawa, motar ta miƙe mata. Ta zauna a baya, Rukayatu a gefenta, ta ce in rufe ƙofa amma kada in tayar. Na ce Mama, ba zan yi miki ƙarya ba, a tashe take. Ta kasa kunne. Ni ma na kasa nawa. Tsuntsaye kawai muke ji a kan dabino. Can ta ce yalla.

Na tuƙa manyan mutane a rayuwata, ban taɓa riƙe sitiyari irin na ranar ba. Sabo ya buɗe ƙofa yana share ido da hularsa. Muka zagaya unguwa sau ɗaya, ta gaban masallaci da kantin burodi. Ta ce da Maigida na nan da ya zagi motar nan tas, sannan ya sayi biyu. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, na bar ta. Da muka dawo ba ta sauka nan da nan ba. Ta ce Issifu, ka san wurin? Na ce layi na goma sha huɗu daga katangar gabas, na shida daga bakin hanya, ko ido rufe. Sai na sauke mata saƙon da na ɗauko shekara biyu da rabi. Ta ce gata tukuna, ta yi shiri. Jiya da yau ta yi shirinta, ta aiko a ce da safe.

Abdul-Aziz ya ce shi zai zauna a gaba, amma ni zan tuƙa.

Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da asuba zan zare wa motar waya daga bango, in goge ta, in ɗaga ta a bakin ƙofar Mama. Za mu fita tun 'yan kallon ƙwallo ba su cika hanya ba. Ba zan wuce sittin ba, duk da na san abin da ke ƙarƙashin ƙafata. In mun isa Mesaimeer zan kai Mama iyakar inda aka yarda ta tsaya, in ƙirga mata layukan da yatsa, in yi sallama in ce Maigida, ga ta na kawo. Daga nan in miƙa wa yaron makullinsa, ya tuƙo mu gida, ni a baya kamar wani babba, in ce masa ya nemo min kujerar jirgin Accra.

Ki sa a shanya min katifata, ki gaya wa Nasiratu tuwon zafi nake so da miyar ayoyo.

Mijinki mai taurin kai,
Issifu