Dalmar Bakin Labule

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Kina dai shafa maganin, ko kin jefa shi bayan akwati kamar yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, in ban da abin da zan gaya miki.

Maigidana Direba ya koma tuƙi. Kada ki ɗauka kamfanin jirgin ƙasa ne ya mayar da shi aiki bayan shekara goma sha bakwai. Jirgin wasa ya sayo, mai tafiya da lantarki, kan jirgin bai wuce tafin hannuna ba. Ya fitar mini da keken ɗinki baranda, ya shimfiɗa katako a ɗakin baya daga bango zuwa bango, wai dutse zai gina. Wata biyar ke nan. Ya lanƙwasa wayar kejin kaji, ya lulluɓe ta da tsofaffin jaridun da ya jiƙa da sitacina, ya bi da filasta. Garin katako ya rina kore, wai ciyawa. Sosona na wanke-wanke ya yayyaga, wai itatuwa. Tsintsiyata kuwa ta zama gada. Sai ki gan shi a durƙushe da furfurarsa, yana manna tsakuwa ɗaya-ɗaya a gefen layin dogo.

Da farko dariya nake yi, na ce gara wannan da zaman ƙofar gida. Sai ran da na shiga masa da shayi na ga kwanar da ke gaban gadar, na ga ramin da jirgi ke shiga a ƙirjin dutsen, gabana ya faɗi. Hawan nan ne, Yaya. Inda jirginsa ya kasa, maƙalin taragu ya tsinke, na baya suka gangara da Autanmu a cikin na ƙarshe yana riƙe da birki.

Kin san abin da masu bincike suka rubuta, wai bai ɗauko gudu ba kafin hawan, bai kuma saki yashin hana santsi a kan dogo da wuri ba. Kin kuma san abin da shi yake faɗa tun ran da aka kore shi: tarago ashirin da biyu aka ɗaura masa, alhali sha takwas ne ƙarfin kan jirgin a wannan hawa. To, yanzu wai zai nuna wa duniya. Ya auna hawan da ma'aunin magina mai ruwa a ciki, a kowane taku ɗari ƙasa ta tashi taku uku, daidai da na gaske. Ya cika taragun da ƙusoshi, kowanne sai da ya hau sikelina na kicin.

Jiya ya gwada. Da sha takwas jirgin ya haye sumul. Da ya ƙara huɗu, yana zuwa kwanar sai ƙafafun suka shiga juyawa a wuri ɗaya, ya tsaya, ya soma sulalowa baya. Yaya, tafi ya yi! Yana dariya yana hawaye, yana kirana in zo in gani. Na duba tarago na ƙarshe, ashe ya sassaƙa ɗan mutum da guntun sabulu ya tsayar a ciki, har da jar hula irin ta Auta. A daidai inda ƙanena ya mutu mijina yake tafi. Na ɗauki kofin shayinsa na fita.

Ya gayyaci tsofaffin abokan aikinsa ranar Asabar ta sama, har da tsohon sufeton da ya sa hannu a takardar korarsa. Ya ce in roƙe ki ki zo, ko da ba ki taka gidan nan ba tun ranar jana'iza. Na isar da saƙo.

Ki gaida yara da kowa da kowa.

Ƙanwarki


Yaya tawa,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan jikin da sauƙi kuma kowa yana lafiya. Amsarki ta iso. Na san ba za ki zo ba, ban kuma ga laifinki ba. Amma kin ce ni na iya, da nake dafa wa wanda ya kashe ƙanenmu abinci. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. To, ki saurara ki ji abin da mai dafa abincin ta yi.

Shekara talatin ina zaune da direba, ko ban so ba na san jirgi. Shi da bakinsa ya sha gaya mini cewa da nauyinsa kan jirgi yake kama dogo, in ya yi sauƙi ƙafafunsa su yi ta santsi. Kin san 'yan guntayen dalmar nan da nake ɗinkewa a bakin labule don ya sauka sosai? Ranar Asabar da safe, da ya fita sayen biskit ɗin baƙi, na kwance murfin kan jirgin da ɗan sukudireban kekena, na manna dalma a ciki, na mayar na rufe. Ko gezau hannuna bai yi ba.

Su uku suka zo, da sufeto na huɗu, yana dogara sanda. Direba ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki wadda ni na goge masa. Ya yi musu bayani har shayinsu ya huce: ga ma'auni, ga sikeli, ga lissafi a littafi. Ya ƙirga taragun a gabansu, ashirin da biyu. Sannan ya murɗa makunni.

Jirgin ya haye, Yaya. Ya bi gadar, ya sha kwana, ya shige ramin ya fito a ƙoli, ko numfarfashi bai yi ba. Ɗan mai jar hula ya wuce ta gabanmu a tsaye ƙyam. Direba ya ce a dakata, ya mayar da shi ƙasa ya sake. Ya haye. Ya rage wuta ya sake, ya haye a hankali kamar mai yi masa gwalo. Sau biyar. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya rufe baki da hula, dariya na cinsa, wani ya shiga yabon itatuwan soso don ya rufa masa asiri. Direba kuwa ya zauna a kan akwatin kayan aiki yana kallon hannuwansa.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Na ji kamar an cire mini ƙaya. Na ƙara wa kowa shayi.

Da na raka su ƙofa, sufeto ya tsaya gyara takalmi har sauran suka yi nisa. Ya gaya mini a hankali cewa da niyyar neman gafara ya zo, domin tun wancan lokacin ya san kayan sun yi wa jirgin yawa, daga sama aka ce ya rubuta abin da ya rubuta. Har takarda ya rubuto, ya nuna mini bakinta a aljihu. Amma ya ce tunda jirgin mutumin da kansa ya ƙaryata shi a gaban jama'a, shi wane ne da zai tono abin da aka binne. Ya mayar da takardar ya tafi.

Kin ji yadda aka yi. Ki yage wannan in kin karanta.

Taki har kullum,
Ƙanwarki


Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na gode da addu'a, ni ma jikina lafiya, barci ne dai ba na samu sosai. Kin rubuto cewa na yi daidai, amma ba ki ce komai ba a kan maganar sufeto. Na leƙa gidansa, aka ce 'yarsa ta ɗauke shi zuwa wani gari, ba wanda ya san ran dawowarsa.

Direba ya daina maganar tarago ashirin da biyu. Shekara goma sha bakwai ina roƙon Allah ya daina, yau ya daina, gidan ya zama kamar kango. Ya bi abokansa gida-gida ya ce musu masu bincike sun yi gaskiya, shi ne ya kashe surukinsa. Ya sa littafin lissafin a murhu. Abinci sai na tsaya a kansa. Kullum da safe yakan shiga ɗakin ya kunna jirgin, ya zuba masa ido har ya kai ƙoli, ya kashe ya fito.

Na kasa jurewa. Shekaranjiya, yana wanka, na kwance murfin na ɓamɓare dalmar tas. Na koma baranda na zauna a kan keke ina kasa kunne. Na ji ya kunna. Na ji ƙafafun suna ƙugi a wuri ɗaya, na ji taragun suna sulalowa baya. Na jira tafi, na jira ya kira ni.

Can sai ga shi ya fito da kan jirgin a tafin hannu, murfin a buɗe. Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba. Ya ce jirgin ya yi sauƙi, in taimaka masa da dalmar labule guda huɗu.

Huɗu na sa, Yaya. Ban taɓa faɗa wa kowa adadin ba, ko ke. Ban san ran da ya buɗe ya gani ba, ko kafin ya bi gidajen abokansa ko bayan haka, kuma ba ni da bakin tambaya. Na buɗe gwangwanin da nake ajiye dalmar na ƙirga masa huɗu a hannu. Ya yi mini godiya yadda ake yi wa mai kanti, ya koma ciki.

Yanzu haka da nake rubuta miki ina jin jirgin yana hawa. Kin ce na yi daidai. To, ki zo ki gani, ga shimfiɗa nan na gyara miki.

Ki huta lafiya.

Ni ce,
Ƙanwarki