Na Ajiye Wa Oga Fayil Ɗin Coci

Daren Laraba, Talata Mafara

Yau na ce wa ogana, Barista Sani, a'a, kuma ban yi nadama ba.

Tun da cocin nan na hanyar Bakura ya ɗauke mu mu kare shi, bayan wata mata ta kai ƙara cewa malamin waƙarsu ya lalata 'yarta, Inna take ce min, "Ke da kike musulma, mi yak kai ki kare coci?" Wannan bai dame ni ba. Kowa yana da haƙƙin a tsaya masa a gaban alƙali.

Na yau ne ya tsaya min a rai. Oga ya kira ni ya ce, "Hadiza, gobe ki tafi Maradun, garin su uwar yarinyar. An ce ta taɓa yin cikin shege. Ki samo mana wanda zai faɗa a kotu."

Na ce, "Yallaɓai, me ya haɗa wannan da abin da aka yi wa yarinyar?"

Ya ce an ɗauke mu ne mu yi nasara. Na ce zan ƙalubalanci duk shaidar da ba ta da ƙarfi, amma ba zan kunyata uwa don ta janye ƙarar 'yarta ba. Ya ce to in ajiye fayil ɗin. Na ajiye.

Wataƙila na rasa aikina. Duk da haka, da safe zan je in gaya wa faston abin da ake shirin yi da sunan cocinsa. In ya amince, ya faɗa min da bakinsa.