Bindigar Baba Ta Tarwatse

Daga ƙanenka Sani, gagarumin maharbin Pauwa wanda ko zomo bai san da zamansa ba, zuwa ga Yaya Mamman a Jos. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da fama da aikin kuza. Mutanen gida duk lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Bayan haka, ina sanar da kai aukuwar babbar musiba. Birai sun kafa daula a gonarmu, sai na ɗauki bindigar marigayi Baba na kai wa maƙerin Ketare ya sake mata bututu. Ya ajiye mini biyu: ƙarfen sitiyarin mota mai tsada, da bututun famfo mai araha. Ya nuna na famfon ya ce, "Yaro, wannan ruwa ya sani, bai san albarushi ba." Ni kuwa, cikin zurfin hikimata da rashin nauyin aljihuna, na zaɓi na famfo.

Ranar gwaji muka ɗaure ta a jikin bishiya, muka ja kunamar daga nesa da doguwar igiya, kamar yadda aka saba. Bututun ya tarwatse. Babu wanda ya ji rauni, amma ƙotar nan da Baba ya sassaƙa da hannunsa ta tsage gida biyu. Inna ta tsince guntayen ta ƙulle a zanenta, kuma har yau ba ta ce mini uffan ba. Da ma zagina ta yi.

Ka sa mu a addu'a, dawa ta kusa nuna. Ka gai da maiɗakinka da yara. In za ka aiko wa Inna saƙo, ka roƙa mini gafara, ni na kasa haɗa ido da ita. Wassalam.